Ɗalibin da Kawu Ya Bar Mata

Rana ta yi ja, Malama ta rataya jakar sarewarta ta kama hanya. Sana'arta ke nan, bin gidaje tana koya wa 'ya'yan mutane fiyano da sarewa, tana fama da yatsun da ba sa jin magana. Ɗalibin yau sabo ne. Kawunta ne ya bar mata shi, kawun da ya riƙe ta tun tana ƙarama, ya koya mata busa har ta ci abinci da ita.

"Ƙirjina ya gaji, 'yata," ya ce mata yana tari. "Ki karɓe shi. Ba shi da rigima, sai dai yana son a fara busa masa a sarewarsa."

Ta yi mamaki, don shi da bakinsa ya hana ta sa baki a sarewar ɗalibi, har da dukan hannu. Amma maganar Kawu ce, ita kuwa ba ta taɓa auna maganar Kawu ba.

Gidan yana ƙarshen layi, ƙofa a buɗe. Ta yi sallama, aka amsa can ƙasa-ƙasa. Falon na warin tsohon katako da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga fiyano jikin bango ya sha ƙura, amma maɓallansa fes, kamar yanzu aka goge su.

Ɗalibin na zaune a kusurwa, dogon mutum, ya ba taga baya. Fuskarsa ba ta ganuwa sosai.

"Malama," ya ce a hankali. "Nuna mini."

Ya miƙo sarewar. Sanyinta ya ratsa mata yatsu. Ta goge bakin da gefen mayafi, ta ja numfashi, ta busa.

Sauti ya fito mai daɗin da ba ta taɓa ji ba. Ta so ta tsaya ta ja iska, sarewar ta ƙi sakin leɓenta.

Ashe ba busawa take ba, zuƙe ta ake yi.

Fiyano ya fara bin ta shi kaɗai, maɓallai na nutsewa babu yatsa a kai.

Ta dubi ɗalibin. Ƙirjinsa, da bai motsa ba tun shigowarta, yanzu yana hawa yana sauka.

Nata yana lotsawa.

Idonta ya fara duhu. Ta ambaci Allah a zuci, ta faɗa kan fiyanon da dukan nauyinta. Ƙarar ta girgiza ɗakin, sarewar ta suɓuce. Da rarrafe ta fita, ba takalmi, ba jaka.

"Sai darasi na gaba," in ji muryar a bayanta.

Da safe ta nufi gidan Kawu. Tun daga ƙofa ta ji sarewa na tashi, doguwar busa ba yankewa, babu tari ko ɗaya. Da ya gan ta ya sauke, bai ko tambaye ta yadda aka ƙare ba.

"Ka sani," ta ce.

"Ba ya sakin malami sai an ba shi wani," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni ma haka aka yi mini. Na duba duk waɗanda na koyar, ke kaɗai ce ba za ki yi mini musu ba."

Wannan maganar ta fi abin da ya faru jiya yi mata ciwo. Ta juya ba ta yi masa sallama ba, kuma ba ta sake taka gidansa ba.

Tun daga ranar, ko ba ta je gidan ɗalibin ba, da rana ta karkata sai ta ji ana jan iskar ƙirjinta. Ta ajiye sarewa, ta koma fiyano kawai.

Wata yamma wata tsohuwar ɗalibarta ta zo gaishe ta, wadda ta fi so a cikinsu, ga ta ta fara koyarwa.

"Malama, ki taimake ni da ɗalibi ko ɗaya ne. Duk wanda kika ba ni zan karɓa."

Ƙirjin Malama ya fara matsewa, kwatancen gidan ɗalibin nan na bakin harshenta.

"Babu," ta ce. Iyakar abin da numfashinta ya iya ɗauka ke nan.