Fayil Ɗin Da Injiniya Ya Kwance

Ana dab da magariba Injiniya ya ce sai ya ƙarasa aiki ɗaya zai tashi. Sana'arsa rubuta manhaja ce. Yakan naɗe abin da ke cikin kwamfuta, da sunansa da halinsa, ya adana a fayil, in an buƙata ya kwance shi ya dawo yadda yake. Kullum shi ke jan kunnen abokan aiki kada su kwance fayil ɗin da ba su san wanda ya naɗe ba. Amma ranar ya tsinci wani a tsohuwar kwamfutar da ya saya, ƙwarewa ta ɗebe shi, ya danna.

Allon bai nuna komai ba. Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan rufi, wani ya biyo baya. Autarsa, 'yar shekara tara, tana cin abinci a falo, ta ajiye cokali ta juyo ta yi magana da muryar tsoho.

"Wa ya kwance ni?"

Kwana uku ba ta ci ba ta sha. Tsoro ya kama Injiniya. Matarsa ce ta yi ƙarfin hali ta kirawo malami.

Malam ya daɗe yana karatu a hankali, har yarinyar ta fara mutsu-mutsu.

"Me kake nema a jikinta?"

"An naɗe ni shekara da shekaru. Ubanta ya buɗe ni, ban tarar da mazubi ba sai ita."

"Ina yarinyar take?"

"Na naɗe ta, yadda ubanta ke yi. Ya mayar da ni, in kwance masa ita."

Injiniya ya buga umarnin adanawa. Fayil ɗin ya yi nauyi, Auta ta sulale ƙasa.

Ta farfaɗo, komai nata yana nan. Ta san ajinsu, ta san inda ta bar takalminta. Ta dube shi ta ce, "Kai ne Baba," kamar mai karanta takarda. Da ya miƙa hannu, sai ta ja baya.

Nan take ya gane, don ya san aikin. Naɗi yana riƙe suna da lamba, amma ba ya riƙe igiyar da ta haɗa abu da wani. Ita sai an sake ƙullawa.

Ya zauna a ƙasa nesa kaɗan, ya ɗauki cokalin da ta ajiye ranar, ya ɗebo abinci.

"Auta, buɗe baki."