Gawayin da ke Ƙarƙashin Dutse

Ruwan shuka ya sauka kwana shida ke nan, kowa ya duƙufa a gonarsa, amma marainiyar nan tana tsaye a bakin tata da ƙwaryar iri a hannu, ba halin ta jefa ko ƙwaya ɗaya. Hawaye take yi, cikinta kuma tun jiya babu komai sai ruwa. Wannan abu ya faru ne a zamanin kakannin kakanni, a wani ƙauyen manoma, lokacin da iyakar gona dutse ne kawai da shaidar dattawa.

Don-me ake ce mata, saboda tun tana goye bakinta bai huta da tambaya ba. Mahaifinta ya riga kakanta rasuwa, don haka da aka zo rabon gado ba ta da kaso. Allah ya ji ƙan tsohon, ya hango haka, ya tara shaidu yana kwance ya yi wasiyya: gonar bakin rafi, wadda duwatsu huɗu suka kewaye, ta jikarsa ce, ta ci ta ciyar da uwarta mai ciwon ƙafa. Sauran gonaki bakwai da rumbuna da shanu duk suka faɗa hannun Baffa, ƙanin mahaifinta. Gona bakwai fa! Amma wallahi idon mutumin nan bai sauka daga kan ta takwas ɗin ba, ga shi kuwa tana manne da tasa.

Shekarar farko Don-me ta yi kunya sittin a gonar. Shekara ta biyu ta ƙirga, hamsin da shida. Ta ce ko hannunta ne ya faɗaɗa. Ta uku ta auna da ƙotar fartanya, ta fito hamsin da ɗaya... Abin ya tsaya mata a rai, ta dawo gida ta zauna gaban uwarta.

"Inna, wai gona tana ramewa ne kamar mutum?"

"Ke dai da tambaya. Rufa mana asiri, 'yar nan, ba mu da kowa."

Ina! Bakin da ya saba. Washegari a rijiya ta tambayi mata ko tasu ma tana raguwa, kafin azahar magana ta isa kunnen Baffa. Sai mugun ya riga ta zuwa gaban mai gari, har da share hawaye da bakin riga, wai yarinyar da ya riƙa kamar 'yar cikinsa tana turo duwatsun iyaka cikin gonarsa, wai asalin iyakar ma tana can cikin gonarta da kunya shida. Mai gari ya hana a taɓa gonar sai an yanke hukunci, ya kuma tafi ta'aziyya wani gari ya daɗe.

Wayyo, irin baƙin cikin da yarinyar nan ta sha! Matan da ta taya sussuka suka daina amsa gaisuwarta. Yara na binta suna kiran ɓarauniyar dutse. Rumbu ya ƙare, ta sayar da akuyarsu ɗaya tilo, ciwon Inna ya tashi har ba ta iya kai kanta bakin ƙofa. Ta je ta durƙusa wa Baffa, ya ce a gaban matarsa da 'ya'yansa, "Ubanki ma bai gaji komai ba, balle ke." Ta dawo ta kifa kai a cinyar Inna tana kuka kamar ranta zai fita, tana cewa, "Ya Allah, kai ka ga hannuna, kai ka san ban ɗaga dutse ba." Abin tsoron shi ne, in aka ƙara kwana bakwai ba shuka, damina ta wuce su, yunwa kuma ba za ta bar Inna ba.

A kwana na tara da saukar ruwan mai gari ya dawo, aka ɗunguma zuwa gonar da hantsi. Ana ta musu, ita kuwa Don-me ta tsuguna tana kallon dutsen, abin da ta saba ya motsa mata.

"Ranka ya daɗe, a ɗan mirgina shi in ga ƙarƙashinsa?"

Aka mirgina. Sai ga kututturen karan bara a danne.

Ta ce, "Dutsen da ya shekara arba'in a wuri ɗaya, yaya aka yi hatsi ya tsiro a ƙarƙashinsa?"

Baffa ya yi caraf ya ce, "Kun gani ko? Da bakinta ta nuna an ɗaga shi. Ita ta ɗaga."

Jama'a suka ɗauki salati, ta ga ta haƙa wa kanta rami. Cikin kuka ta ce, "To in an ɗaga shi, ina ya baro? Ƙasa ba ta riƙe alamar inda dutse ya zauna?"

Wani tsohon maƙeri da ke jingine da sanda, wanda ba a ko gayyace shi ba, ya yi gyaran murya. "Tana riƙewa, jikata. Tambayarki ce ta tuna mini. Ranar da kakanki zai kafa duwatsun nan, wurina ya ɗebi kwandon gawayi. Ramin kamu biyu ya yi wa kowane dutse, ya zuba gawayi, ya rufe, don gawayi ba ya ruɓewa a ƙasa. Ubanki ne ya riƙe masa kwandon." Ya dubi Baffa. "Kai kuwa ranar ka ce cikinka na ciwo."

Aka ba Baffa fartanya ya haƙa inda ya rantse nan ce iyaka. Ya haƙa har gwiwa, jar ƙasa kawai, gumi na zuba. Don-me ta shiga gonarsa tana ƙirga kunya da ƙarfi, a ta tara ta tsaya. Sara kaɗan aka yi bakin fartanya ya fito baƙi ƙirin. Aka je ɗaya kusurwar, haka.

Mai gari ya ce, "Ban taɓa ganin ɓarawon da ke tura iyaka don gonarsa ta ragu ba." Ya yanke cewa Baffa ya mayar da duwatsun da hannunsa, ya auna wa marainiya hatsin da ya ci na bara daga rumbunsa, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa a garin har ya mutu. Baffa ya duƙa yana tura dutse yana nishi, ya ɗaga kai yana neman mai taya shi, 'ya'yansa ma suka sunkuyar da kai. Matan rijiya kuwa kunya ta hana su haɗa ido da ita, sai ga su ɗaya bayan ɗaya sun koma gida sun fito da fartanyoyinsu don su taya ta shuka.

Don-me ta kwasa da gudu har ɗakin Inna, ta faɗa jikinta tana kuka, ta ba ta labari. Inna ta shafa mata kai, ta daɗe tana hamdala, sannan ta ce a hankali:

"Da sauran lokacin shuka kuwa?"

"Da saura, Inna. Ƙasa da danshi."

"To tashi maza, kar ki tsaya kuka a kaina. Ki bar mini ƙofa a buɗe in riƙa jiyo ku."