Sakan Arba'in Daga Bidiyon Rihazal

Ranar da Halimat ta fara ganin Saleh, rabin fuskarsa kawai ta gani, ɗaya rabin yana bayan kyamara. Sashen wasan kwaikwayo na makarantarsu ne ya ɗauke shi ya riƙa naɗar rihazal, wato gwajin wasan ɗalibai, don su zauna daga baya su ga kurakuransu da idonsu.

Da aka kunna bidiyon farko a aji, Halimat ta ga yadda take haɗiye ƙarshen magana tana murza bakin mayafi. Kunya ta rufe ta.

Bayan kowa ya fita, Saleh ya mayar da bidiyon baya. "Duba nan. Kin ga tsayuwarki da kika manta ana ɗauka? Haka nake so ki riƙa yi."

Daga nan kullum sai ya turo mata guntun aikinta da saƙo: "Tauraruwata, yau kin ɗaga kai sau uku. Gobe huɗu nake so."

Ita kuma ta amsa: "Oga, ka cika sa ido."

Kafin zango ya ƙare an zaɓe ta jarumar wasan kammala karatu. Zuciyarta kuwa tuni ta koma Jikwoyi, unguwarsu Saleh.

Sai wata Litinin wani bidiyo na sakan arba'in ya faɗa gurup ɗin ma'aikatar da mahaifinta, Alhaji Nababa, yake darakta. Wurin da Halimat ta fito a matar da ta zautu ne a rihazal, kai ba ɗankwali, tana kuka riƙe da rigar wani ɗalibi.

"Karatun ke nan?" in ji Alhaji. "Yau a ofis ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Ke da makarantar nan har abada!"

"Abba, wasa ne fa..."

"Da mutuncina kike wasan?"

Ta shige ɗaki ta rubuta wa Saleh: "A hannunka faifan yake. Kada ka sake kirana."

Mako uku bai kira ba. Bincike ya shiga yi, har ya gano Bilkisu ce, 'yar ajin su Halimat da ta daɗe tana harin matsayin jarumar wasan, ta kwafi bidiyon daga kwamfutar sashen. Ya turo wa Halimat shaidar, sannan ya ɗauki cikakken faifan ya je ya durƙusa gaban Alhaji.

Awa biyu Alhaji yana kallo, Halimat na laɓe a bayan ƙofa. Da ya ƙare ya cire tabarau ya goge ido.

"Wallahi ban san ta iya haka ba," ya ce. "Amma mutane sakan arba'in suka gani. Yaro, ka yi halin girma. Turo magabatanka, na ba ka ita. Wasa kuwa ta gama shi, sharaɗina ke nan."

Da Saleh zai tafi, ta tare shi a tsakar gida. "Ka yafe mini zargin da na yi maka."

"Ni ne da neman gafara," ya ce. "Na je ƙwato miki karatunki, na dawo da ke kaɗai."

Bilkisu ta ba da haƙuri a ofishin shugaban sashe, maganar ta mutu, aka miƙa mata matsayin.

Ranar ɗaurin aure ta faɗo daidai da ranar wasan. Da yamma motocin kai amarya suka maƙale a cunkoson Nyanya. Halimat ta duba agogo ta ƙarƙashin lulluɓi, ta rubuta wa Saleh: "Yanzu suke buɗe labulen wasan."

Amsa ta zo nan take: "Na sani, amaryata. Ina nan ina jiranki."

Kukan da take ta riƙewa ya ƙwace. Gwaggonta ta rungumo ta tana dariya. "Kukan rabuwa da gida ne, kowace amarya ta yi shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Halimat ba ta gyara mata ba. Ta ce, "Amin, Gwaggo."