Lakar Bayan Baturiya

Dab da magariba na ajiye babur a bakin wani tafki, bayan Baturiya. Laka na zo ɗiba. Ni da abokin aikina Zaharaddeen muna binciken yumɓun tace ruwa, kuma mutum ɗaya za a tura ƙaro karatu waje. Na'urarmu tana nuno abin da ya fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai, amma hoton toka-toka yake fitowa. Mai bincike ne zai ce nan rami ne, can tudu. In ni na faɗa, sai a yi shiru. In shi ne, har gyara tabarau Farfesanmu yake yi. Wallahi abin yana ci mini rai. To, a nan Zaharaddeen ya ɗebi tasa lakar, a nan zan ɗebi tawa.

Masunta duk sun tashi. Sai ƙarnin kifi da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Kwaɗi na ta kuka. Na ciro kwalbar zuba laka. Ko bisimilla ban yi ba na luma hannu.

Kwaɗin suka yi tsit.

Lakar da ɗumi, kamar jikin mutum.

"Malam," aka ce a bayana, ƙasa-ƙasa. "Rufin ɗakinmu ka yaye."

Ban waiwaya ba. Ƙamshin turaren wuta ya taso daga ruwan.

Wani abu ya kama mini yatsa a cikin lakar, irin kamun jariri.

Na fizge. Ban san yadda na hau babur ba, amma kwalbar tana hannuna.

Da hotunan suka fito, Farfesa ya ce bai taɓa ganin ramuka masu tsari haka ba. Ni ƙofofi na gani, kowace da mai leƙe. A hoto na biyu sun fito waje. A na uku ido ɗaya ne ya cika allon.

Ko layi ɗaya na kasa rubutawa. Sai na miƙa wa Zaharaddeen kwalbar, na ce kyauta ce. A raina na ce shi ma ya ɗanɗana.

Da ya sa lakar a na'ura, ya daɗe yana duba allon. Na tsaya ina jiran ihu.

"Kai, Fannami! Ai wannan arziki ka ba ni. Allah ya bar zumunci."

Da lakata ya samu tafiyar. Har ƙiba ya yi a can. Su kuwa mutanen tafkin, ni kaɗai suka sani.