Gashin Gaggafa Uku

Shekara bakwai da ɓacewar wansa a teku, kotu ta damƙa wa Torquil sarautar Glenarrach, ko da yake wan ya bar 'ya mace. A daren yana komawa gida a ƙasa, gashin gaggafa uku na mai sarauta soke a hularsa, ya tarar da wani zaune bakin gada.

"Ranka ya daɗe," in ji mutumin, muryarsa kamar ta mai kurkure baki. "Hular ba ta yi maka nauyi ba?"

"Wane ne kai?"

"Haba, auta."

Ba a yi ruwa ba, amma rigarsa na ɗiga, tana ƙarnin teku. Ya miƙo hannu a hankali.

"Ciro su. Na 'yata ne."