Romon Da Ya Tayar Da Don Efraín

Ranar Lahadi ce, 'ya'ya da jikoki sun cika gidan Don Efraín a birnin Barranquilla. Ana ajiye masa faranti ya ture shi gefe.

"Wa ya dafa wannan?"

"Edilberto ne, Baba," in ji 'yarsa Marlenis.

"Ai na sani! Ƙato da gemunsa ya zauna yana yankan albasa! Ke Marlenis, miji kika aura ko kuku?"

Yayyenta maza biyu suka tuntsire da dariya. Edilberto ya sunkuyar da kai.

Marlenis nas ce, awa goma sha biyu take yi a asibiti. Mijinta Edilberto kuwa makanikin babur ne, garejinsa a ƙofar gida yake. Kullum da sassafe zai ɗora tukunya a kan garwashi, yau wake, gobe ƙashin saniya da kabewa, ya bar ta tana nuna a hankali yana aikinsa. Yaransu biyu ba su taɓa dawowa daga makaranta sun tarar da gida babu abinci ba.

Da za su tafi, tsohon ya ja Marlenis gefe. "Ki kwaso yaranki ki dawo gida. Wannan ba namiji ba ne."

Kuka ta yi ta yi har suka isa gida.

"Haba masoyiyata, share hawayenki," in ji Edilberto. "Mahaifinki ne, ba zan yi sa-in-sa da shi ba."

Bayan wata huɗu hawan jini da ciwon suga suka kwantar da Don Efraín. Likita ya hana gishiri, ya hana soye-soye. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza kuwa sai su sayo abincin kanti su ajiye su wuce. Tsoho ya ƙi ci, ya rame har wuyansa ya fito.

"Baba zai mutu, Edilberto!" in ji Marlenis. "Ko cokali ɗaya ba ya kaiwa baki."

Washegari Edilberto ya sayo kazar gida ya cire fatar, ya haɗa ta da ɗanyar agada, da masara, da kabewa, da tafarnuwa, ya matsa lemon tsami a madadin gishiri. Awa huɗu tana kan wuta.

"Ki kai masa," ya ce wa Marlenis. "Amma ki ce ke kika dafa."

"In yi wa Baba ƙarya?"

"To ki yi shiru kawai. Burina ya ci."

Tsoho ya shanye tas, har ya nemi ƙari. Sati shida ana haka, yana cewa duk garin babu mai hannun 'yarsa.

Ranar da ya ji ƙarfin jikinsa, sai ya hau tasi ya tafi yi mata godiya, bai gaya wa kowa ba. Tun daga ƙofa ya gane ƙamshin. A tsakar gida ya tarar da surukinsa durƙushe, yana yaɗe maiƙo daga saman tukunya.

"Ina Marlenis?"

"Tana asibiti tun ƙarfe shida, Baba."

"To wa yake... wannan romon..."

Edilberto ya miƙe tsaye, ludayi a hannunsa.

"Kai ne? Duk sati shidan nan?"

"Ni ne, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ni zan yi haƙuri?" Hawaye suka zubo wa tsohon. "Na ci mutuncinka a gaban jama'a, na nemi raba ka da matarka, kai kuma ka raya ni! Ɗana, ka yafe mini."

"Ya wuce, Baba. Zauna, ya kusa nuna."

Da yamma Marlenis ta dawo ta tarar da su kan benci ɗaya, mahaifinta na ɓare tafarnuwa, Edilberto na gyara masa riƙon wuƙa. Ta jefar da jaka ta rungume su duka biyun, tana kuka tana dariya.

"Na gode wa Allah da ba ki ji maganata ba," in ji Don Efraín. "Yau na gane, namijin kirki shi ne wanda ya kula da iyalinsa, ko da kuwa a bakin murhu ne. Ki riƙe shi da kyau, 'yata."