Fuskar da Inna Ta Riƙe

"Ku hitar da shi! Shi na! Shi yak kashe mini miji!"

Ƙwaryar goro ta kife a tsakar gida. Nafisatu ta rungume mahaifiyarta da ke wannan ihun, idonta kuwa yana kan Rachidi, wanda ya zo gaisuwar surukai cikin sabuwar shadda, ya daskare a durƙushe.

"Inna, Rachidi na hwa... wanda za ni aure!"

"Na san huskag ga! Har in mutu ba ni mance ta!"

Ba ƙarya ta yi ba, ta san fuskar. Bara 'yan fashi suka tare baban Nafisatu a hanyar Garou, yana dawowa daga sayen albasa. Rachidi ne ya tsince shi, ya goyo shi a babur har gida. Inna ce ta buɗe ƙofa, ta ga saurayi jina-jina, mijinta a bayansa ba rai. Jandarma sun kama masu laifin tuni, amma zuciyar Inna ta ɗauki wannan fuskar ta liƙa wa makashin.

Ba wanda ya san haka sai ranar nan, don saurayi mai kunya ba ya haɗa ido da uwar budurwa. Duk zancensu a ƙofar gida ya yi shi, maza kuma suka gama magana tsakaninsu.

Kawunai suka yi bayani, liman ya yi, a banza. Ko sunansa aka ambata sai Inna ta yini tana kuka, abinci ya gagare ta.

Ranar kasuwa Nafisatu ta same shi a bakin kogi, jakarsa a kafaɗa.

"Masoyina, ka ƙara haƙuri... za ta tuna."

"In ta tuna mi, Nafi? Duk ganin da ta yi mini, ranan nan ta ka dawo mata sabuwa."

"To ni hwa? Ni mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba, hasken idona. Amma ba ni iya zama ciwon uwarki."

Ya shiga kwalekwale mai ƙetarawa zuwa garin Gaya. Ta tsaya tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ko kunyar mutane ba ta ji ba.

Bayan tafiyarsa Inna ta samu sauƙi, har ta koma suyar ƙosai. Wata yamma tana tsefe wa Nafisatu kai, sai ta ji hawaye ya ɗiga a ƙafarta.

"Ɗiyata, bar kuka saboda azzalumi. Kin san wa nike yi miki fata?"

"Wa, Inna?"

"Yaron nan ɗan albarka da ya goyo babanki har gida. Shi da na ba shi ke ko ba sadaki." Ta sauke ajiyar zuciya. "Kullum ina sa shi addu'a... sai dai huskatai ta ɓace mini."